Na Bi Lambobin Masu Garkuwa Har Maigatari

Tun da na dawo nake karanta abin da kuke rubutawa a guruf, kuma duk kun yi kuskure. Wasu sun ce na je Maigatari ne in ba yarinyar nan haƙuri. Wasu sun ce ƙawance na je nema. Wani ma ya rantse kuka na je yi mata. Babu ko ɗaya. Ƙyashi ne ya kai ni, tsagwaronsa, kuma ban ga dalilin yi masa kwalliya ba. Na tafi ne in haɗo hujjar cewa ba ita ce gwana ba, rukunin da take bugawa ne ya ɗauke ta ya kai sama.

Ga masu bina da ba sa buga gem ɗin: a waya ake yinsa, mutum uku-uku ake karawa, kowa ya zaɓi irin mayaƙin da zai riƙe. Akwai Maharbi mai harbi daga nesa, akwai Mai Takobi, akwai Mai Magani da ke warkar da 'yan ɓangarensa, sai Mai Garkuwa, wani ƙato mai nauyi da ke tsayawa a gaba yana shanye duka. Su muke kira rukuni. Kowane ɗan wasa yana da shafin da ke nuna wasa nawa ya buga da nawa ya ci, wannan muke kira lambarsa. Gem ɗin kuma yana da babban jadawali da ke haɗa na kowa, ya jera rukunan daga wanda ya fi cin wasa zuwa na ƙarshe. An daɗe Mai Garkuwa yana sama, Maharbi yana can ƙasa. Ni kuwa Maharbi nake riƙewa tun ina ajin ƙarshe na sakandare.

Tim ɗinmu mu uku ne: kyaftin, ɗan nan Gumel, yana riƙe Mai Magani, wani tela a Gagarawa yana riƙe Mai Garkuwa, sai ni. Akwai gasa a gabanmu, ranar Asabar za a rufe rajista. Kawai sai kyaftin ya dubi jadawali ya ce yana tunanin mu shiga da Masu Garkuwa biyu, a ɗauko wata 'yar Maigatari da ta shigo guruf bayan ƙaramar sallah ta wuce ni a maki. Wato a ajiye ni. Shekara biyu ni ce macen da ake nunawa a guruf ɗin nan, sai ga wata daga shigowarta ana yi mata tafi. Na ce masa ko akuyar gidanmu ka ba Mai Garkuwa za ta ci wasa, in rukunin ake so ni ma sai in koma shi, ba sai an kawo baƙuwa ba. Ya ce in nuna masa rukunin ne ba hannu ba, kafin Juma'a. Nawa Mai Garkuwar ban taɓa gina shi ba, ko sulke ba shi da shi, don haka dole in riƙe na wasu. Cikakken shafin mutum kuma, mai nuna lokacin da ya buga da waɗanda ya buga da su, sai a wayarsa ake gani.

Ranar Laraba ana idar da sallar asuba muka fita, ni da yayata. Ita riɗi da zoɓo take saye a ƙauyuka duk kaka, ni kuma na ce zan riƙe mata jaka. Ta san ƙarya nake, amma tana son mai riƙe jakar. A tasha muka zauna cikin mota muna jiran mutum biyu har rana ta fito. Kuɗin motar ya tashi sosai a kan na bara, kujerar kuwa ba ta ƙara faɗi ba, mu huɗu aka cusa a baya. Wata tsohuwa a gefena ta ɗora min ƙullin kayanta a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, sannan ta leƙa wayata ta ce wane ne wannan mai kibiya, ko saurayina ne. Na ce mata shi kaɗai ne bai taɓa yi min ƙarya ba. Yayata ta mintsine ni.

Hanyar Gagarawa a wannan lokacin tana da kyan gani, in mutum ba cikin haushi yake ba. An yanke gero an jibge dammuna, riɗi an ɗaure shi an jingina tsaye yana shan rana, gonakin zoɓo sun yi jajir. A bakin titi mata na sayar da ɗanyar gyaɗa da kankana, kuma kankanar ta fi ta Gumel araha nesa ba kusa ba. Mun sauka muka karya da awara mai zafi da yaji, irin wadda ake yanka maka manya-manya, ba siraran da ake cutarmu da su a unguwarmu ba.

Sai da na jira yayata ta gama da dillalinta. Yadda take sayen riɗi yana cin rai. Ba ta duban bakin buhu sam. Sai ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu har gwiwa, ta ciro daga tsakiya, ta watsa a tafi tana hurawa. Buhun da samansa ya yi fari tas, daga cikinsa ta ciro rairayi. Dillalin ya yi dariya, ita ma ta yi, aka ture buhun gefe. Ni ina tsaye ina duba agogo ina tsaki.

Tela na same shi a shago, ƙafa a kan keke, ɗinkin biki ya taru masa. Ya yi murna da ganina, amma da na ce ya ba ni wayarsa in ga shafinsa sai ya fara kame-kame, ya ce tana gida a caji, can ne suke da sola. Ba yadda zai yi, mata biyu sun taso daga Gumel, dole a ce su shiga ciki su sha ruwa. Ya kwatanta mana gidan. Kyaftin sau uku yana zuwa Gagarawa, iyakarsa zaure. Duk namijin da ke guruf ɗin nan iyakarsa ke nan. Ni na wuce ciki.

Tun daga tsakar gida na ji ƙarar da na sani. Matar tela na zaune a kan tabarma, goye da jariri, tukunya a kan murhu, waya a hannu biyu. Ta amsa sallamarmu ba ta ɗago ba.

"Ku zauna, baƙi. Bari in kashe wannan, saura shi kaɗai."

Na tsaya a kanta ina kallo. A cikin gem ɗin ta tare ƙofa da garkuwa, ta ja abokan gaba biyu zuwa kwana, ta bar 'yan ɓangarenta suka gama da su. Sai ta ajiye wayar ta tashi ta juya miya kamar ba abin da ya faru. Na tambaye ta tun yaushe take bugawa. Ta ce tun tana da cikin wannan yaron, da zaman ya ishe ta. Maigidan yana barin wayar da safe, ita kuma in ta gama shara sai ta taya shi, don in lambar ta sauka ransa ɓaci yake yi.

Na buɗe shafin. Kusan duk wasannin da aka ci tsakanin hantsi da azahar aka buga su, lokacin da tela ke kan keke. Na yamma, waɗanda yake bugawa da mu, rabi ci rabi faɗuwa. Sai na tuna yawan faɗan da nake yi masa in muna wasa, kyaftin yana cewa in bar shi, yau ne kawai bai ji daɗin jikinsa ba, in dubi lambarsa mana.

Na karɓi wayar don in yi abin da ya kawo ni. Mai Garkuwa ginanne, sulke har wuya. Aka ci ni. Na sake shiga, aka sake cina, har wani daga ɓangarena ya rubuto zagi. Matar tela ta miƙo hannu a hankali.

"Ƙanwata, kawo haka nan. Kar ki ɓata masa lamba, ni zai ce."

Na ce ban saba da wayar ba ne. Ta ce haka ne. Ta zuba mana shinkafa da wake da man ƙuli, na ci ina jin haushin daɗinsa. Na fita neman laifin mace ɗaya, tun kafin azahar na samu ta biyu da ta fi ni riƙe garkuwa, da goyo a bayanta.

Daga Gagarawa sai da muka dawo ta Gumel kafin mu kama hanyar Sule Tankarkar. Na ja mayafi na rufe fuska a tasha don kar wani ɗan guruf ya gan ni ya tambayi ina hujja. Motar da muka samu ta fi ta safe tsufa, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Can ƙasar ta fi rairayi, garken shanu da tumaki na ratsa titi yadda suka ga dama, direba ya tsaya ya jira su ba ko hon. Matan Fulani na dawowa daga tallan nono da ƙore a ka. Yayata ta tsayar da ɗaya muka sha fura a tsaye, mai kauri, ba a tsinka ta da ruwa ba.

A gidan goggonmu muka sauka bayan la'asar. 'Yarta sa'ata ce, kuma taubashiyata, don haka ba ta raga min. Tana ganina ta ce an zo duba talakawa ke nan, ina kambun. Ita ma tana buga gem ɗin, Mai Garkuwa take riƙewa, kuma kowa a guruf ya san lambarta abin tausayi ce, ba ta cin ko rabin wasanninta. Na so in tsallake ta, don lambarta ba ta taimaki maganata ba. In akuya ma za ta ci da Mai Garkuwa, me ya hana ta?

Ta nuna min abin da ya hana ta. A gidan nan wuri ɗaya ake samun sabis, jikin katanga kusa da rumbu, kuma sai an hau kan turmi. Ta ce in hau in gwada jarumin nawa. Na hau. Sai in danna, kibiya ta yi shiru tana tunani, sannan ta fita bayan wanda na auna ya daɗe da barin wurin. Sau biyar a jere aka ci ni a kan turmin nan, goggo tana cewa in sauka kar in fasa mata shi. Taubashiyata ta riƙe ciki tana dariya. Ta ce duk wanda ya fara gem ɗin a garinsu da Maharbi yake farawa, tunda shi ake ba sabon shiga kuma shi ne mai kyan kaya, ya sha kashi na wata guda, sannan ya gudu zuwa Mai Garkuwa, don shi ko sabis ya tsaya yana nan tsaye bai mutu ba tukuna. Wato duk kashin da sababbi suka sha, da na masu hawa turmi, a kan Maharbi ake rubuta shi a babban jadawali. Waɗanda suka kai ga gina Mai Garkuwa kuwa sun riga sun san hanya.

Da ta hau turmin na lura da yatsunta. Tana danna garkuwa tun kafin a kawo mata duka, saboda ta saba komai nata a makare yake isa. Sau biyu ta tare abin da ni ban ma ga tahowarsa ba. Ban gaya mata ba. Kafin magariba saƙon kyaftin ya shigo: hoton shafina ne, lambata ta sauka, bai rubuta komai a ƙasa ba. Tuwon dawa da miyar kuka goggo ta yi, da man shanu, na ci kaɗan na ce kaina ke ciwo.

Alhamis da sassafe muka kama hanyar Maigatari, ranar kasuwa. Tun kafin a shiga gari ake haɗuwa da manyan motoci cike da shanu, ƙahoni sun leƙo ta sama. Ana tsayawa a shingaye, a duba, a wuce. Cikin kasuwa kuwa raƙuma a durƙushe suna kallon mutane a wulaƙance, 'yan Nijar da rawunansu, masu canjin sefa a gindin rumfa, ga dogon burodinsu mai tauri da ake ci da shayi. Yayata ta nutse cikin masu zoɓo. Ni na yi ta kiran yarinyar, kiran ba ya shiga, sai a karo na bakwai.

Na zata zan ga wata mai ji da kai da babbar waya. Na tarar da siririyar yarinya, ba ta kai ni shekaru ba, tana zuba wa mahauta taliya da miya a rumfar mahaifiyarta. Wayarta gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, an ɗaure bayanta da roba. Tana ganina ta goge hannu ta ce, "Yaya, ke ce da kanki?" Ta gaya wa mahaifiyarta wai ni ce wadda take ba ta labari, wai da kallon wasannina da ake turawa guruf ta koyi inda ake tsayawa. Na zo da maganganu masu zafi da na shirya tun a mota, ta hana ni wurin ajiye su. Aka cika min kwano, aka ƙi karɓar komai. Yayata da ta zo ta zauna minti biyar ta fara cewa yarinyar akwai hankali. Na harare ta.

Na ce mu buga yanzu. Ta ce ita ba ta taɓa gem ranar Alhamis a kasuwa, rezo ba ya motsi, haka take kiran sabis irin na mutanen tsallake. Wasan da ake lissafawa bayan asuba take yinsa, kafin gari ya tashi. Amma in na matsu, bayan azahar mu je gidansu, can gefen gari, layinta na Nijar yana kamawa sosai, sai ta jona min.

A ɗakin mahaifiyarta muka zauna, ta ba ni wayarta ba gardama. Na buɗe shafinta ina neman inda zan kama ta. Lokutan duk na asuba ne, kamar yadda ta ce, hannu ɗaya ne. Ba ta da abokan wasa na dindindin da za a ce su ke ɗaukarta. Na gangara ƙasa, sai na ga ashe ta taɓa riƙe Maharbi da farko, wasanni kaɗan, kuma su ma yawanci ta ci. Na tambaye ta me ya sa ta bar shi. Ta ce ta ga ni nake riƙe shi a guruf, ba ta so a ce tana gasa da ni.

Na ce mu yi musanya, wasa uku-uku. Na riƙe Mai Garkuwarta, na ci ɗaya, shi ma da ƙyar, wani Mai Takobi ne ya yi aikin. Ita ta riƙe Maharbina, a wayata, da kayan da na shekara biyu ina tarawa, ta ci uku. Ba ta yin sauri kamar ni. Tana jira, har sai na ji kamar in fizge wayar, sannan ta saki kibiya ɗaya. Da ta gama ta miƙo min ta ce Maharbina yana da daɗin riƙewa, na iya gini.

Muna cikin motar dawowa, buhunan zoɓon yayata a but, saƙon kyaftin ya sake shigowa. Hoton shafina ne, lambar ta ɗan tashi. Wannan karon ya yi rubutu: "Yauwa, yau kin dawo hayyacinki. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne ke ɗin da na sani."

Na kifa wayar a cinya. Yayata ta tambaye ni lafiya, na ce hayaƙin mota ne. Muka shigo Gumel ana kiran magariba.

Abin da na gano a kwana biyun nan ba shi da yawa. Jadawalin da muke rantsuwa da shi bakin buhu ne. Yana gaya maka rukunin da ya ci, ba ya gaya maka wa ke riƙe da wayar, ko a kan turmi yake tsaye, ko jiya ya fara. Ban ce Mai Garkuwa ba shi da ƙarfi ba, wataƙila yana da shi, amma wanda ya ce ya gani a jadawali bai ga komai ba tukuna. Ni da na fi kowa ɗaga murya a kan wannan na fi kowa kuskure.

Jiya Juma'a da safe na kira kyaftin na ce ya ɗauki 'yar Maigatari, hannunta ne ba rukuni ba, kuma wasa ukun da ya yaba ita ta buga su. Ya fara ba ni haƙuri, na kashe wayar. Kar wani ya ɗauka son ta nake yi yanzu. Har yau in na ga sunanta a saman nawa sai ƙyashin ya motsa, kuma da ta yi min rashin kunya da na fi samun sauƙi.

Kujerata ta tafi, amma rajista sai yau da yamma za a rufe. Taubashiyata ta iso tun jiya, za ta zauna a gidanmu har a gama gasar, a ɗakina inda sabis ke cika, mu ga abin da yatsun nan za su yi in ba a makare suke ba. Tsohuwar wayata kuma na sa an canja mata batir. Ina gama wannan rubutun zan shiga motar Gagarawa in kai wa matar tela, ta buɗe shafi da sunanta. Na riga na kira maigidan na nemi izini. Ya fara kame-kame, na tuna masa cewa har zuwa lokacin ban faɗa wa kowa abin da na gani a tsakar gidansa ba, sai ya ce ai shi dama mai son ci gaban mata ne. Ya roƙe ni in bari sai an rufe rajista kafin in saki wannan, kuma na yarda, don haka in kuna karantawa an riga an rufe. Kyaftin yana da lambar tela a tim ɗinsa, ya riƙe ta da kyau. Hannun yana wurina. Mu uku za mu shiga, matar tela da taubashiyata, sai ni da Maharbina, kuma addu'ata ɗaya ce, kada kowa ya fitar da 'yar Maigatari kafin mu haɗu.